Itace ko Gunki: Matsayin Sassaƙen Bauta Bayan Ya Bar Hannun Masu Shi

Tambayar ko abin da aka sassaƙa domin bauta yana nan a matsayinsa na abin bauta bayan an raba shi da masu bauta masa, an ɗora shi a kan kanta ko an kulle shi a bayan gilashi, tambaya ce da ta haɗa fiƙihu da tarihi da ciniki wuri guda, kuma ba ta warwaruwa sai an fara rarrabe kalmomin da Hausa take kiran irin waɗannan abubuwa da su. Mutum-mutumi shi ne duk siffar da aka yi wa kamannin mutum, ko da ta tsumma ce da aka kafa a gona domin korar tsuntsaye. Sura, a bakin malamai, ita ce kamannin abu mai rai, zanawa aka yi ko sassaƙawa. Gunki kuwa shi ne wanda ake durƙusa wa, a yi masa yanka, a nemi biyan buƙata a wurinsa. Kalma ta farko siffa take bayyanawa, ta biyu tana ɗauke da hukunci, ta uku kuma tana nuna abin da ke tsakanin itacen da mutum, saboda haka guntun itace ɗaya yana iya amsa sunayen nan uku a yini guda, gwargwadon wanda yake tsaye a gabansa.

Ga mutumin Bauchi wannan magana ba a littafi kaɗai take ba. Malam Yakubu, wanda ya yi karatu a wurin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma ya karɓo tuta daga hannunsa, ya kafa birnin a 1809 a tsakiyar ƙasar duwatsu wadda al'ummomi da dama suke zaune a cikinta da harsunansu da tsafinsu, kuma har ya rasu a 1845 masarautar ba ta game su duka ba, ballantana mutanen duwatsun Ningi da suka riƙe kansu har zuwan Turawa a 1902. Zanen shanu da ke jikin duwatsun Geji da Shira, waɗanda yanzu suke cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa, shaida ne cewa yin sura ya daɗe a wannan yanki. Kudu maso gabas, a duwatsun Muri, al'ummomin da ake haɗawa a ƙarƙashin sunan Wurkun suna da ƙananan sassaƙe-sassaƙe da suke kira kundul, sirara masu dogon wuya, galibi mace da namiji, waɗanda ake kafawa a ƙasa da tsinken ƙarfe domin neman lafiyar mai su da iyalinsa, ana wanke su ana shafa musu mai, a ƙetaren Binuwai kuma Mumuye suna da nasu waɗanda masu duba da masu magani suke ajiyewa. Masassaƙin Bahaushe bai shiga wannan fage ba, domin gizagonsa turmi da taɓarya da akushi da allo ya sani, kuma ko kafin Musulunci bautar Hausawa ta fi jingina ga itatuwa da duwatsu da iskokin da aka ce suna zaune a cikinsu, kamar yadda labarin Barbushe da Tsumburbura a Dala ya nuna.

Ta ƙofar fatauci Bahaushe ya shigo cikin al'amarin. Daga ƙarshen shekarun 1960, musamman a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, sassaƙen Mumuye da na maƙwabtansu sun yi ta fita ta Kamaru zuwa Turai, har ya zama da gidan tarihi na Fowler da ke Amurka ya shirya baje kolin fasahar kwarin Binuwai a 2011, daga gidajen tarihi da masu tarawa na ƙetare aka aro mafi yawan abin da aka nuna. Da yawa daga dillalan wannan haja a Afirka ta Yamma Musulmi ne, kuma Hausawa suna kan gaba a cikinsu. Christopher Steiner, wanda ya yi nazarin kasuwar a Abijan ya buga littafinsa a 1994, ya lura cewa dillalan nan itace kawai suke kiran hajarsu, haka kuma wani fim na farkon shekarun 1990 da ya bi sawun Gabai Baare, Bahaushen Nijar mai fatauci tsakanin Kodebuwa da Amurka, da wannan suna ya kira sana'ar. Kalmar ba ta banza ba ce, domin ƙaramar fatawa ce da ɗan kasuwa ya ba kansa: idan abin itace ne kurum, to sayar da shi bai bambanta da sayar da turmi ba, kuma abin da wanda ya sassaƙa ya ƙudura a zuciyarsa, ko wanda ya saya, bai hau kan dillali ba.

Ƙasar Japan ta daɗe da irin wannan tambaya, kuma amsarta tana haska tamu ne domin ta saɓa mata tun daga tushe. Addinin Buda ya isa can daga Koriya a ƙarni na 6 tare da siffofinsa, da tafiya ta yi tafiya kuma itace ya zama abin da aka fi sassaƙa su da shi, manya a gidajen ibada, ƙanana a cikin 'yan akwatuna masu ƙyaure da ake kira zushi, waɗanda matafiyi yake iya ɗauka ko a keɓe musu wuri a ɗaki. Wanda ya fi suna a wannan fanni shi ne Enku (1632 zuwa 1695), wani mai zuhudu da ya ƙare rayuwarsa yana yawo daga ƙauye zuwa ƙauye, wanda aka ce ya yi bakancen sassaƙa siffa 120,000, kuma fiye da 5,000 daga aikinsa sun wanzu har yau. Da sauri yake aiki, yana barin sawun gatari a jikin itacen ba tare da gogewa ba, kuma ko ɓaraguzan da suka zube ba ya yar da su, sai ya yi musu ido da baki su zama siffofin da wasunsu ba su wuce tsawon yatsa ba, irin waɗanda gidan ibadar Arako Kannon da ke Nagoya yake riƙe da fiye da dubu. Ba don kasuwa ya yi su ba, ƙauyawan da suka sauke shi ya bar wa, amma yau suna cikin abin da masu tarawa suke rububi.

A fahimtar mabiya wannan addini, siffar da ta fito daga hannun masassaƙi itace ce kawai har sai an yi mata bikin da suke kira kaigen, wato buɗe ido, inda malamin addini yake ɗiga mata ƙwayar ido ko ya kwatanta yin haka, daga nan ne ake ɗaukar cewa wanda take wakilta ya sauka a cikinta. Mafi shahara shi ne na shekarar 752 a gidan ibadar Todaiji da ke Nara, lokacin da Bodhisena, wani malami da ya zo daga Indiya, ya buɗe idon babbar siffar tagulla mai tsawon kusan mita 15. Abin da ya fi shafar wannan bahasi shi ne bikin yana da kishiya, wanda jama'a suke kira cire rai, kuma ana yin sa ne idan za a gyara siffa ko a sauya mata wuri ko a rabu da ita, ta yadda mai gyara zai sa mata wuƙa ba tare da fargaba ba. Ke nan a wurinsu alfarma ba a cikin kamannin take ba, sanya ta ake yi kuma ana iya zare ta, akwai ƙofar shiga akwai ta fita. Wasunsu ma sun wuce nan, domin ana ba da labarin Danshiya, malamin Sin da ya rasu a 824, wanda sanyin dare ya sa ya ƙona siffar Buda ta itace ya ji ɗumi, da aka tuhume shi sai ya kafa hujja da cewa tokar ba ta bar wani abu mai tsarki ba. Dillalin Abijan da wannan malami kalma ɗaya suka faɗa, ko da yake ɗaya riba yake karewa, ɗayan kuma yana yaƙi ne da maƙalewar zuciya ga siffa.

Sai dai ba ta ƙofar fita mafi yawan siffofin da ke hannun masu tarawa suka bi ba. A 1868 sabuwar gwamnatin Meiji ta ba da umarnin raba addinin Buda da Shinto, addinin gargajiyar ƙasar, abin da ya jawo rushe gidajen ibada masu yawa da ƙone siffofi da sayar da wasu a wulaƙance, kuma daga wannan ɓarna ne manyan tarin da ke Turai da Amurka suka samo kaso mai tsoka. A 1884 Ba'amurke Ernest Fenollosa, da izinin gwamnati a hannunsa, ya sa aka buɗe wani ɗaki a gidan ibadar Horyuji aka warware dogon ƙyallen da aka naɗe wata siffa da shi tsawon ƙarnoni, alhali masu tsaron wurin suna tsoron bala'i zai sauka, kuma tun daga ranar siffar da ba a yarda ido ya gan ta ba ta shiga littattafan tarihin fasaha. Mai tarawa magajin wannan rana ne, ya sani ko bai sani ba, domin idon da yake kallo da shi, mai auna kyau da tsufa da farashi, ya samu sarari ne bayan an ture idon mai bauta.

Musulunci ba shi da ƙofar fita irin ta Japan, saboda tun farko bai yarda wani abu ya shiga ba. Hujjar da Alƙur'ani ya kawo a ƙissar Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ita ce gumaka ba sa ji, ba sa amfanarwa, ba sa cutarwa, don haka ta fuskar aƙida dillali bai yi kuskure ba da ya ce itace ne. Amma fiƙihu bai tsaya nan ba, ya rataya hukunci a kan siffar kanta. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ɗaliban zaure suke karantawa a Bauchi kamar sauran garuruwan Arewa, ta karhanta surori a jikin gadaje da bango da zobe, Malikawa masu sharhin Muhtasar na Halil kuma, irin su Dardir da ya rasu a 1786, sun fayyace maganar a babin walima, inda suka ce surar abu mai rai takan zama haramun idan tana da inuwa, wato tana da jiki ba shafaffen zane ba ce, kuma gaɓoɓinta sun cika. Idan ba ta da inuwa hukuncin ya sauko zuwa karhanci ko ƙasa da haka, idan kuma ta rasa gaɓar da mai rai ba ya rayuwa sai da ita to ta fita daga haramcin. An togace 'yar tsana ta yara mata saboda abin da aka ruwaito game da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Game da ciniki kuwa, hadisin Jabir ya jera gumaka tare da giya da mushe da alade cikin abin da aka hana sayarwa a shekarar buɗe Makka, kuma malaman da suka sassauta sun yi haka ne ga gunkin da aka farfasa, wanda ake amfana da itacensa. A kan wannan ma'auni kalmar dillali ba ta kuɓutar da shi, domin ba nauyin itacen ake biya ba, kamannin ake biya, kuma da ya faskara shi da ba wanda zai taya.

Dalilin wannan tsanani yana cikin bayanin da aka ruwaito daga Ibn Abbas game da gumaka biyar da aka ambata a Suratu Nuhu, cewa asalinsu sunayen salihan bayi ne waɗanda mutanensu suka kafa musu alamu domin tunawa, ba a bauta musu ba sai da wancan zamani ya shuɗe, ilimin dalilin kafa su ya ɓace. Tafiyar ke nan daga tunawa zuwa bauta, kuma mantuwa ce ta ɗauke ta. Gidan tarihi yana da'awar cewa tafiyarsa ta juya baya ce, daga bauta zuwa tunawa, kuma makaminsa shi ne ainihin abin da mutanen Nuhu suka rasa, wato rubutaccen bayani a gefen kowace siffa. A kan irin wannan tunani ne Muhammad Abduh, muftin Masar, ya rubuta a mujallar Almanar a 1904, bayan ya ziyarci Sisili, cewa surori ma'ajiya ce ta tarihin al'umma kuma illar hanin, wato tsoron bauta, ta kau. A 1980 kuma Shaihu Jadul Haƙ, muftin Masar na lokacin, ya ba da fatawar halascin kafa gidajen tarihi da nuna tsofaffin siffofi domin ilimi da izina. Da Taliban suka ƙudura rushe manyan siffofin Buda na Bamiyan da ke Afganistan a watan Maris na 2001, tawagar malamai da ta haɗa da Yusuf Alƙardawi ta je Kandahar da hujjar cewa Musulmin farko sun ci ƙasashe irin su Masar ba su bi siffofin Fir'aunoni suna rusawa ba. Masu saɓa musu suna amsawa cewa yashi ya binne da yawa a wancan lokaci, kuma ba wanda ya isa ya lamunce wa jikoki abin da zukatansu za su yi, amsar da ba ta da rauni kamar yadda masu son kayan tarihi suke zato.

Tarihin Kano ya kawo wani abu da yake dagula lissafin ɓangarorin biyu. Dirki, wanda sarakunan Kano suka daɗe suna yi wa yankan shanu, ba sassaƙa ba ne, Alƙur'ani ne da aka naɗe da fatu har aka manta abin da ke ciki, sai a zamanin Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe, aka sa gatari aka buɗe shi, mutane kuma suka yi masa gargaɗin cewa za a fitar da shi kamar yadda ya fitar da Alƙur'ani daga Dirki. Kamar siffar Horyuji, ɓoyewa ce ta ƙara masa kwarjini, kuma wannan ya nuna cewa gunki ba ya buƙatar ido da hanci, tunda mafi tsarkin littafi ma an mai da shi haka da ilimi ya janye. Ta ɗaya gefen kuma akwai allo. Itacen da Bahaushe Musulmi yake girmamawa rubutu ne yake ba shi alfarma, kuma allon zayyana, wanda ake ƙawatawa domin mai saukar karatu, yanzu yana rataye a gidajen tarihi da ɗakunan masu tarawa a Turai da Amurka a matsayin kayan fasaha. Babu malamin Bauchi da zai yarda cewa gilashi ya mai da ayoyin da ke jikinsa ado kawai, ko ya ji daɗi idan ya ga an jingine shi kusa da kwalaben giya. Wanda ya ƙi wannan ga allonsa ba shi da bakin cewa gilashi ya kashe kundul a wurin mutanen Muri, ko siffar Enku a wurin tsohuwar da take haɗa tafukanta a gabanta ko a cikin gidan tarihi ne, abin da ba baƙo ba ne a Japan. Iyakar abin da gilashin yake yi shi ne hana hannu kaiwa, ya hana shafa mai da zuba jini, amma ba ya shiga zuciyar mai kallo.

Daga nan ne bambanci yake fitowa tsakanin gidan tarihi na al'umma da kantar mai tarawa, bambancin da sau da yawa ake haɗiyewa. Wani kan yumɓu da aka tono a wurin haƙar kuza kusa da Jama'a ya yi kusan shekara yana aikin mutum-mutumi a gonar doya kafin a kai wa Bature mai binciken kayan tarihi Bernard Fagg a 1943, kuma daga shi ne aka gane al'adar Nok, aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952, a garin da yake cikin Lardin Bauchi har zuwa 1926. Masu binciken Jami'ar Frankfurt, waɗanda suka fara tono a yankin Nok a 2005, sun tarar da mafi yawan siffofin a farfashe, a yanayin da ke nuna da gangan aka karya su aka binne, wanda yake iya zama irin ƙofar fitar masu su, kuma abin lura ne cewa kai marar gangar jiki ya faɗa cikin abin da Malikawa suka sassauta a kansa. Wannan sani duka daga wurin da aka tono abin yake fitowa, shi ne kuma abin da haƙar sata take hallakawa, irin wadda ta yawaita a shekarun 1990 har Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa yumɓun Nok da na Sakkwato da na Katsina a jerin kayan da ke cikin haɗari a 2000, duk da dokar 1979 da ta hana cinikinsu da fitar da su ba da izini ba. Gidan tarihi yana da hujjar ilimi da zai gabatar wa malami, yana kuma da ƙofa a buɗe ga jikokin masu abin. Mai ajiye siffa a falonsa domin ado ba shi da ko ɗaya, domin a wurin Bamalike ya ajiye cikakkiyar sura mai inuwa ba da wata lalura ba, a wurin malamin Japan ya riƙe abin da wataƙila ba a cire masa rai ba, a wurin mutanen Muri kuma ya tsare maganin wani gida.

Ba za a hana masu tarawa abin da yake nasu ba, domin wasunsu sun ceci abin da wuta ko gara za ta ci. Masanin fasahar Japan Yanagi Soetsu ya ci karo da aikin Mokujiki, wani mai yawo irin Enku da ya rasu a 1810, a hannun wani mai tarawa a 1924, lokacin da kusan an manta da shi, kuma ya iya bin sawun tafiyarsa gari bayan gari ne saboda Mokujiki yakan rubuta sunansa da kwanan wata da tawada a bayan siffofinsa. Kundul ba shi da rubutu a baya. Idan ya fito a kasuwar gwanjo a Faransa ko Beljiyam, sau da yawa shi kaɗai ba tare da abokin zamansa ba, takardar asalinsa takan fara ne daga sunan Baturen da ya fara mallakarsa ta bi jerin waɗanda suka gaje shi, kuma jerin nan ne yake ɗaga farashi, amma sunan masassaƙin da ƙauyen da cutar da aka sassaƙa shi dominta sun tsaya a hanya tsakanin duwatsun Muri da iyakar Kamaru.